Haure ko Haƙori: Tsokaci a Kan Bayanin Newman

1.0 Gabatarwa

Masana sun daɗe da daidaita asalin kalmar haƙori a harsunan dangin Jamusanci. Ingilishi yana da *tooth*, Jamusanci *Zahn*, Holanci kuma *tand*, Latin kuwa tana da *dent-*. Dokar Grimm ta 1822 ta nuna yadda /d/ ta koma /t/, saboda haka dangantakar ta tsaya ne a kan sauyin sauti mai ƙa'ida. Da wannan ma'auni za a auna bayanin da Paul Newman ya yi game da kalmar Hausa.

2.0 Ƙarfin Bayanin

A ganin Newman, tilon asali shi ne \*haƙre. Dokar Klingenheben ta 1928 ta ce bahanɗe a ƙarshen gaɓa yakan koma /u/, kamar yadda *talaka* ta haifar da *talauci*, *ɓauna* kuma take da jam'i *ɓakane*. Ta haka \*haƙre ta zama *haure*, amma /ƙ/ ta tsira a cikin *haƙora* domin wasali ya biyo ta. Daga baya aka ƙago *haƙori* daga jam'in. Karin harshen yamma ya mara wa wannan baya, domin a can *haure* haƙorin mutum ne, alhali a Kano sai a ce hauren giwa.

3.0 Inda Aka Bar Giɓi

Bayanin ya warware tarihin kalmar a cikin Hausa, bai kai ga na danginta ba. Saiwar da Newman ya maido wa uwar harsunan Cadi a 1977 tana kusa da *sinn* ta Larabci, ba ta kuwa kama da *haƙori*. Idan ma *ha-* ɗafa-goshi ce ta sassan jiki, kamar a *harshe* da *hanci*, ragowar *-ƙor-* tana bukatar 'yan'uwa masu bin ƙa'ida.

4.0 Kammalawa

Ƙasar Katagum ta cancanci bincike a nan. Guddiranci ya zauna inda aka yi Shiranci da Teshenanci da Auyokanci, dangin Badanci da suka riga suka mutu, yana kuma maƙwabtaka da Karekare. Ya kamata a naɗi maganar dattawan Sakwa da Azare, a ji tilon da suke ba *haƙora*, tun kafin Daidaitacciyar Hausa ta makaranta da rediyo ta shafe shi.