Jinjina ga Telolin Gwanjo

Ranar Talata, idan aka kwance dilar gwanjo a kasuwar Talata Mafara, akwai tarin da kowa ke tsallakewa: dogayen riguna masu yagaggen hannu, wandunan da faɗinsu ya yi yawa. Su ƙananan telolin Kaya da Bakura da Maradun ke tsinta da araha. Sannunku da aiki, masu keke! Tela ya farke ɗinkin, ya yanke inda ya mutu, ya kalmashe baki, ya zura roba a ƙugu, sai ga siket biyu daga riga guda. Gwani har ninki yake bari a ƙasa, yarinya na ƙara tsawo a saki. Magidancin da rashin tsaro ya raba da gonarsa, atamfa ta fi ƙarfinsa, da wannan yake fita kunyar 'ya'yansa mata ranar Sallah.