Mindar Kaka Ba Kayan Ado Ba Ce: Me Ya Sa Muke Yabon Abin Da Ba Mu Karanta Ba?

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in ka leƙa Facebook za ka ga hotunan tsofaffin mindodin soja. Kusan duk bayanin da ke ƙarƙashinsu iri ɗaya ne: wai lambar jarumta ce Sarauniyar Ingila ta ba kakanmu a yaƙin Hitila. Sai a yi ta addu'a, a wuce. Addu'a ta yi kyau. Amma sau da yawa bayanin ba daidai ba ne, kuma gyaran yana rubuce a jikin mindar.

Fara da Sarauniyar. Elizabeth ta Biyu ta hau gadon sarauta a 1952, shekara bakwai bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Mindodin wannan yaƙin suna ɗauke da hoto ko tambarin mahaifinta, George na Shida, wanda ya yi mulki daga 1936 zuwa 1952. In ka ga George na Biyar, kana tsakanin 1910 da 1936. In kuwa Edward na Bakwai ne, to ka koma 1901 zuwa 1910, zamanin da Turawa suka ci ƙasar Hausa da yaƙi. Ka ga kenan kan sarki kaɗai ya isa ya rage maka lalube.

Sai kalmar jarumta. Lambobin nan kashi uku ne, mu kuma mun haɗe su a tukunya ɗaya. Akwai mindar halartar yaƙi, wadda duk wanda ya yi aiki a fagen daga cikin lokacin da aka ƙayyade yake samu. Akwai ta bajinta, wadda ake ba mutum ɗaya saboda wani abu da ya yi a wata rana takamaimai. Irin wannan ce aka ƙirƙiro a 1916, mai rubutun FOR BRAVERY IN THE FIELD a bayanta. Na uku shi ne lambar girmamawa mai hawa-hawa, irin su MBE da OBE da KBE na Ingila da aka kafa a 1917, wadda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka sami laƙabin Sa ta hanyarta, ko irin su MON da OFR da dokar Najeriya ta 1964 ta tanada. Mafi yawan abin da ke cikin adakar tsofaffinmu na kashin farko ne. Wannan ba raini ba ne. Wanda ya ɗauki kaya a kansa ya ratsa dazukan Bama bai buƙatar a ƙara masa gishiri.

Yanzu bari mu ɗauki misalin da ya shafi mutanen kudancin Kano kai tsaye. A 1902 Ingila ta ƙirƙiro wata minda domin ƙananan yaƙe-yaƙenta na Afirka. Ta azurfa ce, faɗinta milimita 36. A gaba akwai Edward na Bakwai, a baya akwai mace tsaye da zaki a gefenta, da kalmar AFRICA a ƙasa. Ƙyallen ratayarta ruwan ɗorawa ne, da baƙi a gefe biyu da siraran layuka kore guda biyu. A saman mindar akwai ɗan sandan ƙarfe da ke faɗin yaƙin da aka bayar da ita dominsa. Ɗaya daga cikinsu an rubuta masa N. NIGERIA 1903, kuma ya ƙunshi ayyukan soja daga 29 ga Janairu zuwa 27 ga Yuli na wannan shekarar.

Me ya faru a waɗannan ranaku? Ran 29 ga Janairu Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji 'yan Afirka sama da 700, da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Garin da ya fara rufe musu ƙofa shi ne Bebeji. Aka harba igwa, ƙofar ta fashe, sarkin garin ya rasu a wurin. Ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Ran 27 ga Yuli kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi.

To, in irin wannan mindar ta ɓulla a wani gida a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, me za ka rubuta a ƙarƙashin hotonta? Ba ta yaƙin Hitila ba ce. Tana nufin mai ita yana cikin rundunar da ta yi wancan yaƙin, kuma da yawan sojojin rundunar Hausawa ne. Wataƙila yana wajen ƙofar Bebeji, wataƙila a wani sashen tafiyar ya shiga. Mindar ba ta bambance ba. A nan ne sukarmu ta fi ƙarfi. Minda takarda ce da wanda ya ci yaƙi ya rubuta. Babu sunan Bebeji a jikinta, babu Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi, babu ko mutum ɗaya daga waɗanda suka tsaya a bayan ganuwa. Wanda ya yabe ta ido rufe da wanda ya jefar da ita don kunya, duk sun yi asarar abu guda: shaidar da za a iya bi a gano wanene mutumin, kuma me ya kai shi aikin Bature.

Yaya ake bin shaidar? Juya mindar ka duba bakinta. A irin ta 1903, da mindodi masu zagaye na Yaƙin Duniya na Ɗaya, an buga lambar soja da muƙami da suna da rundunarsa a wurin. Lambar ta fi sunan amfani. Magatakardan soja kan rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari ko ƙabila a madadin sunan uba, da irin rubutun da kunnen Bature ya ji, sai ka tarar da mutum goma masu suna ɗaya. Da lambar za ka nemi mutum a jerin sunayen masu minda da ke Ma'adanar Tarihi ta Ingila a Kew: rukunin WO 100 na irin waɗannan yaƙe-yaƙen, WO 372 na katunan Yaƙin Duniya na Ɗaya, WO 373 kuma na takardun da aka bayyana dalilin ba soja lambar bajinta a yaƙi na biyu.

Tauraron Bama kuwa ya fi wahala. Mai tsini shida ne, na gaurayen jan ƙarfe da zinki, ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo. An bayar da shi don aiki tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, kuma sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun same shi. Barikin Chindit na Zariya ma daga wannan yaƙin ya samo sunansa. Matsalar ita ce Ingila ta raba taurarinta ba suna, yayin da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya suka buga sunayen nasu mutanen. Ma'ana, da zarar tauraron ya rabu da takardar sallamar mai shi, ya zama maraya. Wannan tsohuwar takardar da gara ke ci ta fi ƙarfen daraja a wajen mai bincike.

Kada kuma ka ɗauka rumbun Turawa cikakke ne. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka da Misira, ba a rubuta sunayensu a wurin tunawa ba. Don haka rashin ganin sunan kakanka a intanet ba hujja ba ce cewa labarin gidanku ƙarya ne.

Saura batun ƙarfen kansa. Baƙin da azurfa ke yi haɗuwarta ce da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, ba lalacewa ba ce. In ka goge ta da toka ko yashi, siraran haruffan bakinta kake kankarewa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, ba ya kama gaurayen jan ƙarfe da nikel da aka yi mindar yaƙin 1939 zuwa 1945 da shi. In ya kama, ka yi shakka. In kuma wani sashen bakin ya fi saura siranta, alama ce an kankare suna an sa wani.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ɗauki hoton gaba da baya da baki. Kwafe lambar a takarda. Ajiye minda da ƙyallenta da takardun a wuri ɗaya, nesa da danshi da 'yan gwangwan. Sannan ka sami dattijon da ya rage a gidan, ka naɗi muryarsa a waya: sunan uban mai mindar, unguwarsu, shekarar da ya tafi, da yadda ya dawo. Bature ya rubuta lamba da runduna. Sauran labarin a bakin tsofaffinmu yake, kuma ba za su jira mu ba.