Kirari: Yadda Bahaushe Ke Ɗaure Tsoro da Igiyar Kunya

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. Yaro na tasowa ana hore shi da sunkuyar da kai da taƙaita magana gaban manya. Amma wannan Bahaushen ne kuma zai taru a fili ya yi tsit yana sauraron ɗan dambe na cika baki, yana kiran kansa dodo, yana lissafa mazajen da ya kayar, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Dalili shi ne kirari yana da wurinsa, kuma wurin nan bakin haɗari ne.

Duba masu yin sa: 'yan dambe, 'yan kokawa, maharba, 'yan tauri, da mayaƙan da. Kowannensu yana tsaye ne gaban abin da ke sa gaba faɗuwa, ko naushi, ko ƙahon ɓauna, ko kaifin wuƙa. A fagen dambe, wasan da aka san mahauta da shi musamman lokacin kaka, makaɗi ke fara taɓa kalangu ya kaɗa taken ɗan wasa. Da ya ji takensa sai tsuma ta kama shi, ya zabura, ya ɗaga hannun da aka naɗe da zare, ya kama kirari. Kafin ya rufe baki ya riga ya ci bashi a gaban jama'a. Turmi uku ake yi, kuma hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Wanda ya kira sunan ubansa da garinsa da ubangidansa, ina zai sa fuskarsa in ya juya baya?

Nan hikimar take. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Kirari kuwa ɗauko kunyar gida yake yi ya kai ta daji, ta danne tsoro. Ɗan wasa bai daina jin tsoro ba, sai dai tsoron abin faɗa ya rinjayi tsoron duka. Makaɗi shi ne mai riƙe da shaida. Da ba don makaɗi Ɗan Anace ba, da sunan ɗan dambe Shago bai kai inda ya kai ba, kuma ɗan damben da ake yi wa waƙa ya san bakin da ya ɗaga shi yana iya yi masa zambo. A Nijar ma, inda aka fara gasar kokawa ta takobi a Tawa a 1975, ɗan kokawa kan yi kirari ne da sanin cewa mutuncin jiharsa duka yana wuyansa.

Sai dai kirari shi kaɗai ba ya gina hali. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya kawo halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jarumtaka ba ta cikin jerin. Tana samun daraja ne in ta jingina da waɗannan. Shi ya sa fagen gargajiya ke da ƙa'ida: akwai masu raba, ba a dukan wanda ya faɗi, kuma wanda aka kashe yau yakan tashi ya kaɗe ƙura ya dawo gobe. Wannan dawowar ita ce babban darasi, domin tsuma ta 'yan mintuna ce, haƙurin shan kaye kuwa shi ke raba gwani da ɗan koyo.

Inda aka cire ƙa'idar, abin ya lalace. Kirarin da ɗan daba ke yi da wuƙa a lungu, ko a bayan motar ɗan siyasa, lafazinsa ɗaya da na fage, amma babu alƙali, babu abokin karawa da ya yarda, babu dattijon da ake jin kunyarsa. Ƙwaya ta maye gurbin take, ganganci ya maye gurbin jarumtaka.

Don haka masu koyar da adabin baka a makarantu kada su tsaya ga haddar kirari da ƙirga salonsa. Su nuna wa yara cewa alkawari ne da mutum ke ɗauka a bainar jama'a, kuma duk wanda ya yi shi, jama'a na da haƙƙin su bi shi bashin cikawa.