Iron Flame: Wa Ya Cancanci Yafiyar Violet?

'Yan uwa ɗalibai, a hutun hunturun da ya wuce, lokacin da sanyi ya hana kowa leƙa waje, wata 'yar ajinmu ta ara mini littafin Fourth Wing na Rebecca Yarros, marubuciya 'yar Amurka. Ban gama shi ba sai da na nemo ci gabansa, Iron Flame, wanda shi ma ya fito a 2023, wata shida bayan na farko. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan shafi, don zan fasa ƙwai.

Labarin na wata yarinya ce, Violet Sorrengail, mai raunin gaɓoɓi, wadda uwarta, janar ɗin soja, ta tura makarantar yaƙi ta Basgiath inda ake koyon hawan dodanni masu fiffike da aman wuta. A ƙarshen littafi na farko ta gano cewa hukumar ƙasarsu, Navarre, ta daɗe tana ɓoye wa jama'a ainihin abokan gabarsu, cewa yayanta Brennan da aka yi makokinsa yana raye, kuma masoyinta Xaden ya san duk wannan ya yi gum. A kan wannan rauni aka gina littafi na biyu, mai shafi sama da 600.

Shirun Xaden na farko ban ga laifinsa ba. Rayukan mutane ne a hannunsa, ga kuma Dain, abokin Violet tun ƙuruciya, wanda da ya taɓa fuskar mutum sai ya ga abin da ke cikin tunaninsa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne bayan asiri ya tonu. Maimakon ya zauna ya zazzage mata komai, sai ya kafa sharaɗi wai ta riƙa tambaya shi kuma zai amsa. Ta yaya mutum zai tambayi abin da bai san da shi ba? Mai laifi ya mayar da aikin gyara kan wadda aka yi wa laifin. Su yi faɗa, su shirya, su sake faɗa a kan magana ɗaya, har na fara tsallake shafi. Kuma sau da yawa sha'awa ce ke kashe rigimar ba bayani ba. Wuraren nan marubuciyar ba ta sakaya komai ba, ban ce a bar littafin a falo inda ƙanne ke zama ba.

Inda Yarros ta burge ni shi ne da ta sa Violet ta ɗanɗana kuɗarta. Da ta koma makaranta, ita ma sai ta shiga yi wa aminiyarta Rhiannon ƙarya don ta kare ta, da hujjar nan dai da ta ƙi karɓa daga Xaden. Laifi tudu ne. Na so a daɗe a nan, amma yaƙi ya yi ta janye labarin.

Ni a wurina yafiyar da ta yi nauyi ita ce ta Dain. Shi ne ya saci tunaninta ya kai wa ubansa, abin da ya jawo mutuwar Liam. Ban-haƙurinsa na baki bai yi masa rana ba. Sai ranar da aka ɗaure Violet ana gana mata azaba, aka kawo shi ya sake leƙa kanta, ya ga gaskiya, ya juya ya soke Varrish mai azabtar da ita. Duk da haka ba ta saki jiki da shi nan take ba, kuma haka ya kamata. Uwarta Lilith kuwa ba ta roƙi gafara da baki ba, ranta ta bayar don katangar tsafin da ke kare ƙasar ta sake tsayawa. A nan na ajiye littafin na ɗan jima.

Xaden fa? Can kusa da ƙarshe muka ji yana da wata baiwa ta biyu da ya ɓoye, ta karanta niyyar mutane, har da tata. Aka yafe. A shafukan ƙarshe kuma ya zuƙi ƙarfi daga ƙasa ya zama irin maƙiyan da suke yaƙa. Littafi na uku, Onyx Storm, ya fito a Janairun 2025, yana kan teburina ƙarƙashin takardun jarrabawa, ban buɗe ba tukuna.