Murya mai rai da muryar na'ura: sharhi kan talla da ɗora murya

1. Gabatarwa

A shekarun baya-bayan nan, kamfanonin talla da na silima a Turai da Amurka sun shiga gwada basirar na'ura wajen ƙaga hotuna da muryoyi, domin rage kuɗi da lokaci. Sau da yawa jama'a sukan nuna ƙyamar abin da aka fitar. Wannan sharhi zai duba misalai uku, biyu na talla, ɗaya na ɗora murya a fim, domin gano abin da mai kallo da mai sauraro suke nema, sannan ya dubi abin da hakan yake nufi ga aikin harshen Hausa.

2. Tallace-tallace biyu

A watan Nuwamba na 2024, kamfanin Coca-Cola ya fitar da tallan Kirsimeti wanda aka haɗa da basirar na'ura. Maimaici ne na tsohon tallansa na 1995, mai jajayen manyan motoci suna ratsa dusar ƙanƙara da fitilu. Masu suka da dama sun ce ba shi da rai. Idan aka dube shi da idon nazari, za a ga hotunan sumul suke, amma kowane hoto zaman kansa yake yi. Babu wanda ya haifi na gabansa. Duk abin da ke motsa zuciya a cikinsa aro ne daga tunawa da tallan farko. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba kowa ya ƙi shi ba, kuma kamfanin ya sake bin wannan hanya a 2025.

A watan Disamba na 2025 kuwa, kantunan Intermarché na Faransa suka fitar da tallan wani kyarkeci da dabbobin daji suke gudu, wanda ya bar farautar maƙwabtansa ya koyi girki don a yarda a zauna ci tare da shi. Masu zane ne na wata ma'aikata a birnin Montpellier suka yi shi, kuma ya bazu har wajen Faransa, mutane suna yabonsa musamman saboda aikin ɗan Adam ne. Ƙarfinsa yana cikin zaɓi: akwai wanda ya yanke shawarar inda kyarkecin zai yi jinkiri a bakin taro, da tsawon lokacin da shiru zai ɗauka kafin a karɓe shi.

3. Muryar Alain Dorval

Misali na uku ya fi kusa da ilimin harshe. Tun daga fim ɗin Rocky na 1976, Faransawa suna jin Sylvester Stallone da muryar ɗan wasa Alain Dorval, wanda ya rasu a watan Fabrairu na 2024. A watan Janairu na 2025 kamfanin ElevenLabs ya nuna wani yanki na fim ɗin Armor da muryar marigayin wadda na'ura ta kwaikwaya. Nan da nan aka yi ca a kai. Ƴarsa Aurore Bergé, minista a gwamnatin Faransa a lokacin, ta bayyana cewa gwaji kawai ta amince da shi, ba watsawa ba. Masu sana'ar ɗora murya, waɗanda tun 2024 suke neman doka ta kare aikinsu, suka sami hujja a hannu.

4. Hawa uku na murya

Domin fahimtar wannan ƙyama, ana iya kasa murya hawa uku.

Na farko shi ne amo, wato abin da ke sa a gane mutum ko ba a gan shi ba. Na'ura ta ƙware wajen kwaikwayonsa.

Na biyu shi ne sarrafa magana: hawa da saukar murya, dakatawa, numfashi, da kalmar da aka ɗora wa nauyi. Ɗan wasa yakan zaɓi waɗannan bisa fahimtar halin da ake ciki, ita kuwa na'ura takan karkata ga abin da ya fi yawa a cikin muryoyin da aka horar da ita da su. Shi ya sa maganarta takan fito daidai, amma ba mamaki a cikinta. Wannan giɓi yana raguwa, har a gajeren zance mai sauraro yakan kasa bambancewa.

Na uku shi ne alhaki. Duk mai magana shaida ne, kuma mai sauraro yana ɗauka akwai mutumin da ya yarda a ji wannan zance daga bakinsa. Talla neman amincewa ne. Idan aka gane babu kowa a bayan muryar, sai amincewar ta rasa inda za ta jingina. Dorval bai faɗi kalmomin Armor ba, bai kuma yarda da su ba. Kama da wane ba wane ba ne. Komai ingancin kwaikwayo, wannan hawa ba ya gyaruwa da ƙarin fasaha.

5. Matsayin Hausa

Ga Hausa, matsalar tana farawa tun daga rubutu. Ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar «gari» tana iya zama wurin zama ko abin tuwo. «Kuka» tana iya zama itace ko zubar hawaye. Jimlar «ya tafi» tana iya zama labari ko umurni, bambancin yana ga wasali da karin «ya». Mai shela a radiyo yakan warware wannan ba tare da tunani ba, na'ura kuwa sai ta yi hasashe.

Akwai kuma batun abin da aka horar da ita da shi. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da na'urar magana ta harsuna sama da 1,100, har da Hausa, kuma akasarin muryoyin daga karatun Sabon Alkawari aka ɗauko su. Muryar karatun littafi daban take da ta ƴar talla ko ta sanƙira. Haka nan mutumin Tawa da ke cewa «shina zuwa» yakan gane nan take ko mai sanarwar nasu ne ko baƙo.

6. Kammalawa

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, darasin a fili yake. Na'ura tana da amfani wajen karanta wa ɗalibi rubutu ko maimaita darasi, muddin wani masanin harshe ya saurara ya tace, aka kuma sanar da jama'a cewa muryar na'ura ce. Amma saƙon da ke neman uwa ta kai ɗanta rigakafi, ko manomi ya canja iri, ya kamata ya fito daga bakin mutumin da za a iya tsayarwa a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram a tambaye shi. Wajibi ne kuma duk muryar da za a ɗauka don horar da na'ura a nemi yardar mai ita a rubuce, a fayyace iyakar aikin da za a yi da ita, yana raye da bayan ransa.