Rashi da Hani

Harshen Latin ya raba abu biyu: carere, mutum ya rasa, privare, wani ya hana shi. Daga na farko Faransanci ya sami carence, daga na biyu priver. Manquer kuwa ta Italiyanci ya biyo, daga mancus, mai naƙasasshen hannu.

Don haka nake tuhumar duk rubutun da ya tsaya ga manque a kan yunwar 2005. Fari da fara sun rage amfanin gona, gaskiya ne, amma akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi. Tsada ce ta hana talaka. Wanda ya ce rashi, ƙaddara ya ɗora wa laifi. Wanda ya ce hani, dole ya faɗi mai hanawa.