Jinjina ga Mahaya Babur Masu Kwat

Wanda ya ga ayarinsu sai ya ɗauka ɗaurin aure za su. Kowa ya sha kwat, babura kuwa masu tsohuwar ƙira ne, an goge su tas. Mark Hawwa ne ya fara wannan hawa, Distinguished Gentleman's Ride, a birnin Sidni na Ostareliya a 2012. Yanzu ɗaruruwan birane ke yinsa rana guda a watan Mayu, a tsanake, babu ganganci.

Adon ba shi ya fi burge ni ba. Kuɗin da suke tarawa gidauniyar Movember ake miƙa wa, don binciken sankarar prostate da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar maza, larurorin da magidanci kan ji nauyin faɗa ko a gaban likita.